Haruffan Mamarka Masu Ƙafa

Kafanchan.

Zuwa ga ɗana Ayuba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri cikin sunan Ubangiji. Ina roƙon Allah ya sa jirgin ƙasa ya sauke ka Zariya lafiya, ba ciwon kai, ba ɓatan kaya, ya kuma haɗa ka da mutanen kirki a gidan buga littattafan da za ka koyi aiki. Na cusa wannan takarda a ƙasan akwatinka, ƙarƙashin bargo, don na san halinka. Da na miƙa maka a tasha, nan take za ka buɗe ka fara karantawa da ƙarfi, ni kuwa akwai maganar da ba na so a karanta ina tsaye a wurin.

Labarin gari ba zan ba ka ba, jiya ka baro shi. Zancen giya da abokan banza kuma Fasto da kawunnanka sun cika maka kunne da shi, har na ga kana gyangyaɗi. Ni abin da na sani dalma ce da tawada. Shekara ashirin da 'yan kai ina tsaye gaban akwatin haruffa a shagon Baba Kola, bayan tasha, ina tsintar su ɗai-ɗai ina jerawa. Don haka a kan haruffa zan yi maka magana, da kuma laifin da na yi wa mamarka da su.

Ka ga ta koma ajin karatu na manya tun farkon damina, har kana tsokanarta kana ce mata 'yar makaranta. Ba ka san ta taɓa fara karatu ta bari ba, ba ka kuma san ni ne na sa ta bari ba. Yanzu ta sake ɗauka, kuma saboda kai ta ɗauka. Ko za ta ci gaba wannan karon ko za ta sake ajiyewa, rabin abin yana hannunka. Shi ya sa na zauna na rubuta duk wannan.

Ka san akwatunan shagonmu. Akwai haruffan ado, masu lanƙwasa da ƙayoyi, na katin aure. Akwai miƙaƙƙun nan marasa ƙafa, masu kauri ɗaya daga sama har ƙasa, da muke buga sanarwar ƙwallo da ta taron 'yan reluwe da su, don a hango su daga nesa a jikin bango. Sai tsohon akwati na can ƙasa, wanda Baba Kola ya taho da shi daga Ikko, ya ce tun ba a haifi kakansa ba ake buga littafi da irinsu. Su ne muke ce wa masu ƙafa, saboda ɗan guntun layin nan da ya gitta ƙarshen kowace sanda, sama da ƙasa. Da ina saurayi ba abin da na raina kamarsu. A ganina ba su da kwalliya, ba su da ƙarfi, aikin tsofaffi ne kawai.

Kirsimetin da kake goye, Fasto ya kawo sababbin waƙoƙi uku ya ce a buga wa majami'a. Baba Kola ya bar mini aikin, karo na farko da ya bar mini wani abu ni kaɗai. Kaina ya kumbura. Na jawo akwatin ado. Ya leƙo ta kafaɗata ya ce, “Bulus, wannan na kallo ne, ba na karatu ba. Layi biyu ake yi da shi, sunan ango da amarya, shi ke nan.” Na ce masa Kirsimeti ce, ya kamata takarda ma ta yi ado. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, “To, majami'arku ne,” ya koma kan injinsa.

Ranar da aka raba takardun, kowa ya yaba. Ana ɗagawa ana nuna wa juna, ni kuwa ina zaune sai hura hanci nake yi. Da aka tashi waƙa sai abin ya watse. Fasto da kansa yana tura tabarau gaba yana jawo shi baya, dattawa suna bin muryar kawai ba kalma, aka daddafa aka kai ƙarshen baiti na farko aka koma tsohuwar waƙar da kowa ya haddace. Mamarka a lokacin ta gama littafin koyo na ɗaya ke nan, ta yi makonni tana jiran ranar da za ta yi waƙa daga takarda a karon farko. A hanyar gida, da muka wuce rijiya, sai ta ce, “Baban Ayuba, karatun ya gudu mini. Ko ɗaya ban gane ba.”

Na san sarai ba ita ba ce, ni ne. Amma bakina ya ƙi faɗa. Ce mata na yi, “Sai ki ƙara ƙoƙari.” Ta koma shafin farko na littafinta, ta sake bin sa daga tushe har wata uku, tana neman abin da bai ɓace mata ba. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ɗana, in mai karatu ya yi tuntuɓe a shafin da ka jera, ka fara zargin hannunka kafin ka zargi kansa. Wanda ya koyi karatu da girma ba ya ganin laifin takarda, nasa yake gani, a ransa abin da inji ya buga ba ya kuskure. Kai ka san inji abin da aka ba shi yake bugawa.

Bayan wannan ne na durƙusa gaban tsohon akwatin na dube shi da kyau, kuma ina so kai ma ka yi haka a makonka na farko, tun ba su ruɗe ka da manyan injuna ba. Ka ɗauki harafi ɗaya ka kai shi bakin taga. Za ka ga sandar da ta sauko tana da kauri, wadda ta gitta siririya ce, kamar yadda alƙalami ke yi in an riƙe shi a karkace. Wannan bambancin ne ke hana shafi ya zama baƙi ƙirin ya gajiyar da ido. Za ka ga cikin ƙaramin “e” da na “a” a buɗe suke, ko tawada ta ɗan yi yawa ba sa toshewa. Kowane harafi da kamanninsa, ba ya aron na ɗan'uwansa. Ƙafafun kuwa su ke zaunar da su bisa layi ɗaya, su kusantar da wannan da wancan har kalma ta zama dunƙule guda, ido ya bi ta ya wuce. Na sha jin masu ilimi suna gardama ko ƙafar ce ke taimako ko sabo ne kawai. Ni ban iya wannan gardama ba. Abin da na gani shi ne, in na buga dogon zance da su, mutum yakan kai ƙarshen shafi ya tuna maganar, bai tuna yadda haruffan suke ba.

Kada ka ɗauka daga nan na yi hankali. Lokacin yaƙin duniya takarda ta yi wuya, malamin gona ya kawo bayani a kan yadda ake fere citta da shanya ta, za a rarraba a ƙasar Jaba. Aikin shafi biyu ne. Ni da son a yaba mini na ce zan shigar da shi a ɗaya. Da masu ƙafa na jera, wannan kam na koya, amma mafi ƙanƙanta na ɗauko, na zare 'yan fallayen dalmar da ake sawa tsakanin layi da layi, na ja kowane layi daga wannan baki har wancan. Ya shiga kuwa. Malamin gona ya ba ni hannu, na yi kwana biyu ina ba da labari.

Da lokacin kaka ya yi, mamarka ta tafi Nok taya iyayenta aikin citta, ta tarar takardar ta riga ta isa. Kakanka, Allah ya ba shi hutawa, ya tara mutanen gida da maƙwabta a gindin ɗorawa, yana taƙama 'yarsa ta iya karatu, kuma mijinta ne ya buga. Ya miƙa mata. Ta fara da kyau. Amma in ta kai ƙarshen layi ta juyo, sai ta rasa wanda za ta kama, ta maimaita wanda ta gama ko ta tsallake biyu. Maganar ta fito a birkice, aka wanke citta bayan an zuba ta a buhu. Mutane suka yi dariya, ba da mugunta ba, amma dariya ce. Mai bishara ya karɓa, shi ma sai da ya sa tsinke ƙarƙashin kowane layi kafin ya kai ƙarshe. Da ta dawo ta ba ni labari, abin da na ce kawai shi ne, “Ai mai bishara ya karanta.”

Farin da ke shafi ba asara ba ne, cikin aikin yake. Ko citta in ka cushe ta a kunya ba ta yin ƙwari, mamarka za ta gaya maka. Ka bar sarari tsakanin layuka, ka bar gefe inda babban yatsa zai riƙe, kada layi ya yi tsawon da ido zai ɓata a hanyar dawowa. In an matsa maka ka shigar da abin da ba zai shiga ba, ka ce a rage maganar, ko a ƙara takarda. Za su ɓata rai, su kuma huce. In ka buga gwaji, kada ka tsaya ga abokan aiki, mu masu jera haruffa ko a juye muna karantawa, shaidarmu ba ta da amfani. Ka fita da shi waje ka ba wanda ya koyi karatu da furfura, ka rufe bakinka, ka kalli yatsansa. Inda ya tsaya, nan gyaranka yake.

Ka ga duk wannan bai sa ta bari ba. Mamarka akwai taurin kai, a wurinta ka gado, ba a wurina ba. Da aka ɗauke malamar da ke koya musu, sai ta shiga koya wa kanta rubutu a ɓoye, tana kwafa daga littafi. Ba wanda ya gaya mata rubutun hannu daban ne da na inji. Don haka yadda ta gani haka ta yi. Kowane harafi ta zana masa ƙafafunsa, inda sanda ke da kauri ta bi da fensir sau biyu.

Wata rana da tsakar rana ta kawo mini tuwo shago da kanta, abin da ba ta saba ba. Na zo buɗe kwano na ga 'yar takarda a naɗe a kan murfi. Ita ce wasiƙar farko da ta taɓa rubutawa a duniya, layi biyu. Akwai akawun reluwe biyu a shagon suna jiran aikinsu. Ina ganin ƙafafun nan sai na fashe da dariya, na ɗaga musu na ce, “Ku zo ku gani, matata ta zama inji.” Suka karɓa suna miƙa wa juna. Na zaro jan fensir na gyara daga bayan kunne, na shiga soke ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ina ce mata, “Saratu, rubutun hannu ba a sa masa ƙafa.”

Ta ce, “Ni haka na gan su a littafi. In ba ƙafa, yaya za su tsaya?”

Dariya ta ƙaru. Ta gyara mayafinta ta fita, ko kwanon ba ta jira ba. Sai da akawunan suka tafi Baba Kola ya ce mini, ba tare da ya ɗago kai ba, “Ka gyara shi da kyau. Ka karanta abin da yake ciki kuwa?” Na duba. Cewa ta yi tana da ciki. Cikin ƙanwarka Rahila ke nan. Maganar da kunya ta hana ta faɗa da baki, ta yi makonni tana koyon yadda za ta rubuta mini, ni kuma na miƙa wa baƙi suka karanta kafin ni.

Da na koma gida na tarar littafin da fensirin ba sa kan taga. Ban tambaya ba. Muka ci gaba da zamanmu lafiya, ka shaida, ba ka taɓa jin mu da faɗa ba. Amma shekara goma sha biyu ba ta sake taɓa takarda ba. Duk wasiƙar da ta zo daga Nok sai ta ajiye ta jira ni. Wadda ta zo da labarin ciwon kakanka ta same ni ina Gwantu, ta kwana huɗu a cikin tukunya, mamarka ta ɗauka gaisuwa ce. Ta isa ta tarar da shi da rai, amma ya daina magana. Ba ta taɓa ɗora mini wannan ba, ni na ɗora wa kaina.

A nan ba ni da doguwar nasiha. Ka karanta abin da mutum ya rubuto maka kafin ka duba yadda ya rubuta shi. Aikinmu yana koya wa ido neman kuskure, har mutum ya koma ba ya ganin kome sai shi. Wannan idon na shago ne, in za ka tafi gida ka baro shi can tare da rigar aiki.

To, bari in gaya maka inda abin ya yi daɗi, don kada ka ɗauka ubanka zaman baƙin ciki yake yi. Ranar da takardar ɗaukarka ta zo daga Zariya, na karanta mata, ta saurara, sannan ta ce, “Wato yaron nan zai riƙa rubutowa, kai kana karanta mini, kana cire abin da ba ka so in ji.” Na ce yaushe na taɓa yin haka. Ta ce, “Ina zan sani?” Washegari ta je ta ba da sunanta a aji.

Sai dai idonta ba kamar da ba, littafin da aka ba su kuma ya yi mata ƙanana. Na roƙi Baba Kola, ya ba ni ragowar takarda. Na ɗauko masu ƙafa, manyan, irin waɗanda muke sa wa kan magana, na buɗe layukan sosai, na buga mata sunayenku duka, da sunayen tashoshin da jirginka zai bi daga nan har Kaduna har Zariya. Na haɗa da 'yar takardar nan tata mai jan fensir, don ban taɓa yar da ita ba, tana cikin littafin addu'ata. Na ajiye a gabanta na ce, “Saratu, na yi miki laifi, tun daga waƙar Kirsimeti. Ba kanki ba ne, hannuna ne. Ki yafe mini.” Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta ce, “Shekara goma sha biyu kana neman wannan magana a akwati? Ashe jeren naka ba sauri.” Muka yi dariya mu biyu, ni da hawaye.

Na sake duban rubutun nata da idon aiki, kuma gaskiya ta fi ni ganin haruffan. Inda ya kamata a yi kauri ta yi, inda ya kamata a yi siriri ta yi, ba wanda ya nuna mata. Abin da na yi shekaru ina koya a gindin taga, ita ta faɗe shi a tsaye ranar da ta kawo mini tuwo. Yanzu da la'asar, in ta dawo kasuwa, takan zauna bakin ƙofa ta karanta duk abin da na kawo, da ƙarfi, har maƙwabta su ji. Ita ce mai duba mini gwaji. Shekaranjiya ta mayar mini da takardar bikin godiya ta ce, “Wannan ka matse shi.” Na koma na buɗe. Ban taɓa jin daɗin aikina kamar bana ba.

Ga roƙona. Duk wata in za ka rubuto, ka yi takarda biyu. Tawa ka yi ta yadda ka ga dama, ko da rubutun nan naka mai kama da tafiyar kaza zan karanta. Tata kuwa daban, da sunanta a baya, harafi ɗai-ɗai ba a haɗe ba, manya, da sarari. Kada ka gajarta mata magana don kana ganin ba za ta iya ba, za ta gane ta kuma ji haushi. In ta ba ka amsa, kada ka gyara ko ɗigo. In wata biyu suka wuce ba ta sami abin karantawa daga gare ka ba, na san ta, ba za ta yi ƙorafi ba, littafin ne kawai zai bar kan taga.

A wurin aiki kuma, ana ta zancen mulkin kai, azuzuwan manya sun cika ko'ina, littattafan da za ku buga hannun irin su mamarka za su faɗa. Wata rana za a tambaye ka da wane harafi za a jera. Kafin ka amsa, ka tuna da mace mai shekara arba'in da wani abu a bakin ƙofa, da yatsa a kan layi. Sauran kuwa ƙanana ne: harafin da ƙafarsa ta karye ka fitar da shi, kada ka ce ba wanda zai lura. Ka mayar da kowanne gidansa a akwati ko ka gaji. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, dalma ba ta da kirki a ciki. Kuma ka gaida na gaba da kai ko ka fi shi sauri.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka, ya tsare ka daga ciwo da mugun abokin zama, ya sa albarka a hannunka, ya dawo mana da kai lafiya. Ƙannenka suna gaishe ka, Baba Kola ma ya ce in gaya maka kada ka ba shi kunya. Na karanta wa mamarka takardar nan tun daga sama, ban cire kome ba. Na bar mata ƙasan shafin. Jan fensirina yana shago, can na baro shi. Za ka ga ƙafafun da ta sa wa harafin farko na sunanka sun fi na akwatinmu tsawo, ta ce tafiyarka da nisa.

Ni ne mahaifinka,
Bulus.

Ayuba ɗana. Ni ne Mama, ni na rubuta da hannuna. Ka ci abinci. Ka je majami'a. Allah ya kai ka lafiya. Ka aiko nawa daban, ba sai Baba ya karanta mini ba.